Kare a gida: halinsa da abincinsa

Wani dare, a ajin karatun manya na ƙauyenmu, na lura da wani abu. Mutum biyu da kullum suke zama tabarma ɗaya sun raba wuri. Ɗaya dattijo ne, ɗaya kuma saurayi ne mai garka a bakin fadama. Ko gaisawa ba su yi ba. Da muka tashi sai na tsai da su, na ce: "Baba, lafiya?"

Dattijon ya ce: "Malam, ina lafiya? Karen yaron ga ya canye mini kaji biyu cikin sati guda. Jiya kuma ya faɗa akurki ya sha ƙwai."

Na juya ga saurayin na ce: "Kai kuwa, mi kake ba karenka ya ci?" Sai ya yi dariya ya ce: "Malam, kare kuma? Ai kare shi ke neman abincinsa."

Na ce masa: "To ai ga shi ya nema, ya samu a gidan Baba."

Ƴan uwa, mutane da yawa irin tunanin saurayin nan gare su. Muna son kare ya tsare mana gida da garka da garke, amma ba mu sa shi cikin lissafin tukunya. Karen da ba a ba abinci a gida dole ya yi yawo. Wurin yawo yake koyon sata, wurin yawo yake kwaso cuta ya kawo wa ƴaƴanmu. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu san wannan dabba: yadda yake yini, abin da halayensa suke nufi, da abin da ya dace ya ci.

Su wa ke kiwon kare?

Kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara kiwo. Tun kafin a fara kiwon akuya da tunkiya da saniya, kare na tare da mutum. Masana sun ce asalinsa daga wani irin kyarkeci ne na ƙasashen sanyi.

A ƙasarmu mutum huɗu ne suka fi ajiye kare. Akwai mai garka, don tsaron albasa da tumatir daga ɓarawo da bisashe. Akwai makiyayi, don korar dila daga ƴan awaki. Akwai mafarauci. Sai kuma mai gida a birni, kamar Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, wanda yake son a yi masa gadi da dare.

A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai wani kare na musamman. Abzinawa suna ce masa oska, Turawa kuma suna kiransa da sunan yankin, wato Azawak. Dogo ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, nauyinsa kilo 15 zuwa 25. Da gudu yake kamo zomo da barewa. Tun shekarun 1970 aka fara kai irinsa ƙasashen Turai. Abin lura a nan shi ne, masu shi ba su barinsa ya nemi abinci a juji. Abin da suka ci shi suke ba shi: hatsi da nono.

Ta wajen addini, malamai sun ce an yarda a ajiye kare don farauta da tsaron garke da tsaron gona. Sun ce in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Sun kuma ba mu labarin wani mutum da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya ya ɗebo masa ruwa cikin takalminsa, Allah ya gafarta masa. Ke nan wanda ya ajiye kare ya ɗauki nauyi. In ya bar shi da yunwa da ƙishirwa, alhakin na wuyansa.

Yadda kare yake yini

Ina da kare baƙi, muna ce masa Duna. Shekara shida yana gidana. Daga gare shi na koyi yawancin abin da zan faɗa muku.

Da asuba, kafin kowa ya fito, Duna ya zagaye gida. Ya bi gindin danga yana sunsuna, ya leƙa bayan rumbu, ya tsaya inda aka ɗaure tumaki. Da hanci yake sanin abin da ya wuce cikin dare, ko kyanwa ce, ko bushiya, ko mutum. Hancin kare ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba. Don haka ne a ƙasashe da yawa ƴan sanda da ƴan duwan suke aiki da karnuka wajen gano ƙwaya da aka ɓoye cikin kaya.

Da hantsi ya bi yara ko mata zuwa rijiya, ya dawo. In rana ta take, sai ya nemi wuri mai sanyi. Wurin da ya fi so shi ne gindin randa. Yakan tona ƙasa mai laima ya shimfiɗa cikinsa a kai. Uwargida ta sha korarsa, ya sha komowa. Daga baya na riƙa zuba masa ruwa kaɗan a gindin bedi, ya koma can, aka huta.

Ga dalilin wannan hali. Mu in zafi ya dame mu, zufa muke yi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa: ya buɗe baki, ya zaro harshe, yana numfashi da sauri. Kuma jikinsa ya fi namu zafi, awon zafinsa 38 zuwa 39 ne alhali lafiyarsa lau. Saboda haka a bazara, watan Afrilu da Mayu, kare na shan wuya ƙwarai. Wanda ya ɗaure kare a rana ba ruwa yana iya tarar da shi ya mutu kafin la'asar. In za a ɗaure shi, a ɗaure shi a inuwa, da igiya mai tsawo, ba da waya ba, kuma a kwance shi safe da yamma ya motsa jiki.

Kare na barci da yawa, kamar rabin yini in an haɗa. Wasu na cewa raggo ne. A'a. Barcinsa guntu-guntu ne, kunnensa kuma ba ya barci. Yana jin ƙarar da kunnenmu ba ya ji, yana gani cikin duhu fiye da mu. Dare shi ne lokacin aikinsa.

Mai kare yakan gane haushin karensa. Haushin da Duna ke yi wa jaki dabam, wanda yake yi wa baƙon mutum dabam. Wani dare cikin damina ya yi ta wani irin haushi gajere, yana ja da baya yana komowa wuri guda. Na fito da fitila. Ashe maciji ne a bakin ɗakin yara.

Halayen kare masu ban mamaki

Kafin kare ya kwanta yakan juya sau biyu ko uku a wuri guda. Yara na dariya su ce shimfiɗa yake yi. Gaskiyarsu. Masana na ganin gado ne daga kakanninsa na daji, waɗanda suke tattake ciyawa su kori ƙwari kafin su kwanta.

In ka ba shi ƙashi alhali ya ƙoshi, sai ya kai bayan ɗaki ya tona rami ya binne, ya tura ƙasa da hanci. Ajiya ce ya yi don gobe. Rumbunsa ke nan.

Namijin kare ba ya wuce gindin icce ko kusurwar gini bai ɗaga ƙafa ya ɗiga fitsari ba. Saƙo yake bari ga sauran karnuka, cewa shi ya bi ta nan. Wanda ya zo baya ya sunsuna, ya karanta, ya bar nasa. Haka kuma in karnuka biyu sun haɗu, kowa ya sunsuna bayan ɗan uwansa. Gaisuwarsu ce.

Wani lokaci za ka ga kare yana cin ɗanyar ciyawa kamar akuya, har ya yi amai. In jefi-jefi ne, ba komi. In kullum ne, kuma yana ramewa, to a kai shi ga likitan bisashe, wataƙila tsutsar ciki ce.

Akwai halin da kowa ya ƙi: kare ya sami mushe ko kashin shanu ya yi birgima a kai, ya dawo gida yana murna. Mu wari muke ji, shi kuwa turare ya shafa. Maganin abin shi ne mu riƙa binne mushe da zurfi, kada a yar a bayan gari.

Hausawa na cewa in ka ga kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Ɗan kwikwiyo ya fi kowa wannan ɓarna. Daga wata 3 zuwa wata 6 yake fidda haƙoran nono guda 28, manya guda 42 su fito. Dasashinsa na ƙaiƙayi, dole ya tauna wani abu. A ba shi guntun icce ko tsohuwar igiya, a ɗauke takalma daga bakin ƙofa.

Da damina kare yakan cafki kwaɗo, sai ka ga bakinsa na kumfa. Ɗacin fatar kwaɗon ne. A wanke masa baki da ruwa, yawanci yakan wuce cikin ɗan lokaci.

Sai maganar bindi. Mutane na zaton duk karen da ke kaɗa bindi murna yake yi. Ba kullum ba. A dubi jikin duka. In jikinsa a sake yake, ƙugunsa na rawa tare da bindin, murna ce. In ya matse bindi tsakanin ƙafafu ya kwantar da kunnuwa, tsoro yake ji, kuma karen da ya tsorata yana cizo in an matsa masa. In ya sandare, bindi a miƙe, gashin bayansa ya tashi, yana gurnani yana nuna haƙora, to gargaɗi ne. A ja baya sannu, kada a ruga.

Mi za a ba kare ya ci?

Kare ba kura ba ne, ba dole sai nama zalla ba. Ya daɗe tare da mutum har cikinsa ya saba da dafaffen hatsi. Abin da ke cikin gidan talaka ya isa a riƙe kare.

Tushen abincinsa shi ne tuwo, na hatsi ko na dawa ko na masara, ko shinkafa, ko ƙanzo da aka jiƙa. Amma gayan tuwo kaɗai ba ya gina jiki. Sai a haɗa masa da abu guda daga cikin waɗannan: dafaffen wake da ya nuna lugub, ko ƙuliƙuli marar yaji, ko nono, ko dafaffen ƙwai, ko romo. Ranar kasuwa a karɓo masa guntattakin nama da tumbi wurin mahauta, a dafa kafin a ba shi. Kabewa da dankali dafaffu su ma suna da kyau. Madara ɗanya takan sa babban kare zawo, nono mai tsami ya fi masa.

Babban kare sau biyu yake ci: da safe da kuma da yamma. A riƙa ba shi lokaci guda, a wuri guda, cikin kaskonsa na kansa. Kada ya ci a kwanon mutane, kada kuma a riƙa jefa masa loma lokacin da iyali ke cin abinci. In ya saba da haka, wata rana daga hannun yaro zai fizge.

Yaya za ka san abincin ya ishe shi? Shafa gefen ƙirjinsa. In kana jin haƙarƙari ƙarƙashin hannunka amma akwai ɗan nama a kai, daidai ne. In daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarin duka, kuma ƙasusuwan ƙugu sun fito, yunwa ce ko tsutsa. Sai dai karen Azawak, shi siriri ne tun asali. Karen farauta da na garke sun fi na gida buƙatar abinci. Amma kada a cika masa ciki sannan a fita da shi daji nan take, a bari sai an dawo.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Karen da ya kai kilo 20 yana shan fiye da lita 1 a yini, a bazara kuwa har ya ninka. A ajiye masa kaskon ruwa a inuwa, a wanke shi, a sake ruwan kullum. Karen da ke da ruwansa ba ya sa baki a tulu ko a butar alwala.

Abin da ba a ba kare

Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna ɓata jinin kare in sun yi yawa. Mu masu albasar Galmi sai mu kula. Miyar da ta ji albasa da barkono da gishiri ba ta kare ba ce. A ɗebar masa tuwonsa kafin a zuba miya.

Goro da ganyen shayi da kofi da cakulan suna sa zuciyarsa bugawa da sauri, jikinsa ya yi rawa. Ƙaramin kare suna iya kashe shi.

Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa ya yi tsini kamar allura. Yakan maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. In za a ba shi ƙashi, a ba shi babba na sa, wanda zai gwaigwaya ba zai haɗiye ba.

Abincin da ya yi funfuna, musamman masara da gujiya, yana lalata hantar kare kamar yadda yake lalata ta mutum. Maganin ciwon kai da na ciwon jiki irin namu, kada a ba kare. Maganin ɓera da maganin ƙwarin gona kuma a ajiye su inda ba ya kai wa.

Akwai abu biyu da na ke so mu riƙe da kyau, don sun shafi lafiyarmu mu kanmu.

Na farko, ranar layya. In an feɗe rago, wani lokaci akan ga wasu ƙulluttai masu ruwa a jikin hanta ko huhu. Mun saba mu yanke wurin mu jefa wa kare. Kuskure ne babba. Cikin ƙullutun nan akwai ƴaƴan wata tsutsa. In kare ya ci, tsutsar ta girma cikin hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa. Daga nan ƙwan ya hau salati da tumatir na garka, ya hau hannun yaro mai wasa da ƙasa. In mutum ya haɗiye shi, irin ƙullutun nan ya fito masa a hanta ko a huhu. Yana girma sannu-sannu shekara da shekaru, har sai an kai ga yi wa mutum aiki. Saboda haka duk hanta ko huhun da aka ga ƙullutu a jiki, a ƙone shi ko a binne da zurfi.

Na biyu, ɗanyen kayan cikin kifi. Manyanmu sun san kurkunu da yadda ya riƙa kwantar da manoma cikin damina. A shekara ta 2013 Hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Amma a maƙwabciyarmu Cadi, tun shekara ta 2012 aka riƙa ganinsa a jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari. A shekara ta 2019 kusan karnuka 2,000 aka samu da shi. Masana na ganin ɗanyen hanjin kifi da ake zubar wa karnuka yana cikin hanyoyin kamuwarsu. Mutanen bakin ruwa, kamar na Madarunfa da Gaya da Difa, su binne kayan cikin kifi, ko su dafa kafin su ba kare.

Karya da ɗiyanta

Karya tana neman namiji sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma abin yakan ɗauki kamar sati 3. Lokacin ne karnukan gari suke taruwa suna faɗa. Wanda ba ya son ɗiya ya tsare karyarsa a gida har kwanakin su wuce.

Cikin karya wata 2 ne, kamar kwana 63. In haihuwa ta matso takan nemi lungu, ƙarƙashin rumbu ko bayan zana. Ɗiyan suna zuwa ido a rufe, kunne a toshe. Sai bayan kwana 10 zuwa 14 suke buɗe ido. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko uku na abincinta na da. In ba a ƙara mata ba, ita ce za ta faɗa wa kajin maƙwabta. Kuma a hana yara zuwa wurinta, don ko mai sanyin hali ce takan yi zafi a kan ɗiyanta.

Daga sati 4 a fara ba ɗiyan kunu da nono. Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin ya kai wata 2. Wurin uwa da ƴan uwansa yake koyon wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Wanda aka ɗauke da wuri yakan tashi da tsoro da saurin cizo. In ka kawo shi gida, ka ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini. Ka koya masa sunansa da "zo" da "bari" tun yana ƙarami, da murya da ɗan abin tauna. Duka ba ya koya wa kare komi sai tsoron hannun mutum.

Ciwon haukan kare

Kaska da ƙuma da ƙazwa da tsutsar ciki duk suna damun kare, kuma likitan bisashe yana da maganinsu. Amma ciwon da ya fi kowanne haɗari shi ne ciwon hauka.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko in kare ya lashi wurin da ke da miki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce ciwon yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, kusan 99 daga kare ne. Cikin 10 kuma, kamar 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Karen da ya kamu halinsa yakan sake. Mai sanyi ya koma mai faɗa, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya gani. Wani kuma ya yi shiru ya ɓuya, haɓarsa ta saki, miyau na dalala, muryarsa ta sake. Kada wanda ya sa hannu a bakinsa don zaton ƙashi ne ya maƙale. Bayan ƴan kwanaki ƙafafunsa su mutu, shi ma ya mutu.

In kare ya ciji mutum, ga abin da za a yi:

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15.
2. Kada a sa barkono ko toka ko ƙonannen gashin karen. Ba su kashe ƙwayar cutar.
3. A tafi likita ranar nan, ko da cizon ƙarami ne. Allurar ba guda ba ce, a cika ta duka a ranakun da aka faɗa.
4. In an san karen, a tsare shi kwana 10 zuwa 15, a sanar da likitan bisashe. Amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a kai mutum likita.

Dalilin gaggawa shi ne, cutar takan kwanta a jiki wata 2 ko 3, mikin ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamunta suka fito, mutum ya fara tsoron ruwa, to magani ya ƙare. Kafin wannan rana kuwa allura tana tsai da ita. Wani masani ɗan Faransa, Luwi Fasto, shi ya fara yin allurar a shekara ta 1885, ga wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, kuma yaron ya rayu. Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara ake tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya.

Rigakafi ya fi magani. A kai ɗan kwikwiyo a yi masa allura in ya kai wata 3, a sake kowace shekara, a adana takardar. Masana sun ce in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

Mu kuma koya wa yaranmu: kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su ruga in ya biyo su, su tsaya cik. In kuma ya cije su ko ya yakushe su, su faɗa nan da nan. Yaro da yawa yana ɓoye cizo don tsoron duka. Mu gaya masu tun yau cewa ba mai dukansu.

Yadda maganar ta ƙare

Saurayin nan mai garka ya biya Baba kaza ɗaya, Baba ya yafe masa ɗayar. Ya sami tsohon kasko biyu, ɗaya na tuwo ɗaya na ruwa. Kowane dare innarsa tana ɗebar wa karen malmala guda kafin ta zuba miya. Sati biyu na farko ya riƙa ɗaure shi da rana, don karen da ya ɗanɗana ƙwai ba ya mantawa da wuri. Da ma'aikatan kiwo suka zo yi wa bisashe allura, ya tambaye su, suka gaya masa ranar da zai kai karen. Takardar allurar da aka ba shi, shi da kansa ya karanta mana ita a aji. Shi da Baba sun koma tabarmarsu.

Tambayoyi

1. Domi kare yake tona gindin randa ya kwanta?
2. Faɗi abu uku da ba a ba kare ya ci.
3. Mi za a yi da hantar rago in an ga ƙullutu mai ruwa a jikinta?
4. In kare ya ciji yaro, minti nawa za a yi ana wanke wurin? Daga nan sai ina?
5. Karnuka nawa ne a unguwarku? Nawa aka yi wa allura bana? Rubuta amsar cikin littafinka.